Yadda Za Ka Yi Yini Guda a Castleton, Ƙauyen Koguna da Tsaunuka na Ingila

Yawancin mutanenmu da karatu ko aiki ya kai su Manchester ko Sheffield sukan shekara biyu, uku, ba su san komai na ƙasar ba sai tashar bas, ɗakin karatu da kantin sayen nama. In an yi hutu sai a ce za a je Landan a ɗauki hoto a bakin gada. Alhali a tsakanin waɗannan biranen biyu akwai wani kwari mai suna Hope Valley, a cikin gundumar Derbyshire, kuma a ƙarshensa ta yamma akwai ƙauyen Castleton, wanda jirgin ƙasa zai kai ka kusa da shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Ƙauye ne ƙarami na gidajen dutse, mazaunansa ba su kai dubu ba, amma kewaye yake da tsauni, kufan tsohuwar fada, koguna huɗu da ake shiga, da hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki ta ko'ina. Irin wannan wuri ba a ganinsa ta tagar mota. Sai an taka, kuma takawar tana da ƙa'ida.

Da farko, ka san haƙƙinka a kan hanyar ƙafa

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai, don haka da shi zan fara. Castleton yana cikin yankin Peak District, wanda shi ne gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta ware, a shekarar 1951. Amma kada ka zaci za ka tarar da katanga da ƙofa da mai karɓar kuɗin shiga. Babu ko ɗaya. Mafi yawan filin mallakar mutane ne, manoma da makiyaya da ƙungiyoyi irin su National Trust. Abin da ya ba ka damar ratsawa shi ne dokar hanyoyin jama'a, wadda ta yi kama da burtali a wajenmu: gonar ta mai gona ce, amma hanyar da ta bi ta cikinta ta kowa ce, kuma mai gona ba shi da ikon toshe ta.

Ba a banza aka sami wannan haƙƙi ba. A ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, galibinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wanda masu ƙasa suka keɓe don farautar tsuntsaye, suka yi arangama da masu gadi. Aka ɗaure biyar daga cikinsu, har da jagoransu Benny Rothman. Wannan ɗaurin yana cikin abubuwan da suka zaburar da fafutukar da ta kai ga dokar gandun ƙasa ta 1949, sannan a shekarar 2000 aka yi wata dokar da ta buɗe tuddai da filayen da ba a nomawa, mutum ya yi yawo a cikinsu ko ba a kan hanya ba. Daga saman Mam Tor, tsaunin da ke kusa da Castleton, za ka hango Kinder Scout a arewa, baƙi ƙirin, shimfiɗe kamar tebur.

A aikace ga abin da za ka kula da shi. Allon da aka rubuta "Public Footpath" ko kibiya ruwan ɗorawa na nufin hanyar masu ƙafa ce kawai. Shuɗiyar kibiya na nufin masu doki da masu keke ma suna da rabo. Idan hanya ta shiga gona, bi ta yadda take, kada ka yanke don rage nisa. Ƙyauren da ka tarar a rufe ka mayar da shi a rufe, wanda ka tarar a buɗe ka bar shi a buɗe, domin mai dabbobin ya san dalilinsa. Katangun duwatsun da suka raba gonaki an jera su ne ba siminti, wasu sun haura shekara ɗari biyu, kuma hawansu na rusa su, shi ya sa aka yi 'yan matakalai na katako ko na dutse a inda ya kamata a tsallaka. Ba a kunna wuta, ba a gasa nama a fili, saboda ƙasar tuddan nan in ta kama wuta sai ta yi kwanaki tana ci ta ƙarƙashi. Kwana a tanti kuma sai a wurin da aka tanada ko da izinin mai fili. Shara kuwa, har ɓawon ayaba, jakarka za ka mayar.

Zaɓen rana

Daga Mayu zuwa Satumba ne lokaci mafi sauƙi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, don haka kana da yalwar lokaci. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya shiga, kuma wanda bai saba ba shi ne duhu kan riske shi a kan tudu. In kana da zaɓi, ka je tsakiyar mako. Asabar da Lahadi na bazara, da ranakun hutun gwamnati, ƙauyen kan cika maƙil, wurin ajiye mota ya ƙare tun da hantsi.

Daren da za ka tafi ka duba hasashen yanayi na hukumar Met Office, amma ba na birnin da kake ba. Suna da shafi na musamman na tsaunuka, a ciki akwai Peak District. Abin dubawa ba ruwan sama kaɗai ba ne, ƙarfin iska da hazo sun fi shi muhimmanci. Yayyafi ba ya hana tafiya a Ingila, in ka ce sai ranar da babu shi to ba za ka fita ba. Amma iskar da za ta hana ka tsayuwa a kan ƙafarka, ko hazon da ba ka ganin taku ashirin, waɗannan dalili ne na sauya shiri, ka yi yininka a koguna da cikin gari.

Mai son kallon al'ada ya sa ran 29 ga Mayu. A ranar ne mutanen ƙauyen ke bikin da suka gada, inda ake ɗora wa wani mahayin doki wani ƙaton kwando na furanni ya rufe shi daga kai har ƙugu, a zaga gari da shi da kiɗa da rawar yara mata, daga ƙarshe a ja furannin da igiya zuwa saman hasumiyar cocin St Edmund.

Kayan jiki da na jaka

Takalmi ne gaba da komai. Duwatsun wannan yanki na farar ƙasa ne, in suka jiƙe sun fi sabulu santsi, ga taɓo a bakin kowane ƙyaure inda tumaki ke taruwa. Ka nemi takalmin hawan dutse mai kaushin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, ka kuma saka shi ka yi yawo a gari kwana biyu kafin ranar, kada sabon takalmi ya ci maka ƙafa a tsakiyar hanya. Ba sai mai tsada ba, kantuna irin su Decathlon da Go Outdoors suna da masu sauƙi, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ma akan dace.

Tufafi kuma a jera su hawa-hawa: riga marar nauyi a ciki, suwaita a kai, sannan rigar ruwa mai hula wadda iska ba ta ratsawa. Dalili shi ne da ka fara hawa za ka yi gumi ka tuɓe, da ka isa sama iska ta buge ka ka mayar. Wandon jins da rigar auduga ba su dace ba, in sun jiƙe ba sa bushewa, sai su riƙe sanyin a jikinka. Ga 'yan'uwa mata, doguwar abaya mai jan ƙasa za ta sha taɓo kuma tana harɗe ƙafa a matakalan tsallake katanga. Wando mai yalwa da riga zuwa gwiwa ko ƙasa kaɗan, da hijabin da aka cusa cikin rigar ruwa don kada iska ta yi wasa da shi, sun fi sutura a wannan wuri.

A jaka ka sa ruwan sha kamar lita ɗaya da rabi, abinci na gaske ba biskit kaɗai ba, dabino ko gyaɗa, filas ɗin shayi in da hali, tocila ƙarama, batirin cajin waya, da 'yar leda ta shara. Kada ka sha ruwan rafi komai kyansa a ido, tumaki ne a samansa. Taswirar da ta rufe wannan yanki ita ce ta Ordnance Survey mai lamba OL1, ana samunta a takarda, ana kuma samunta a manhajar OS Maps. In wayar za ka dogara da ita, sauke taswirar tun daga gida, domin akwai lungunan da sabis ke ɗaukewa. Taswirar Google ta hanyar mota ce, ba ta san yawancin hanyoyin gona ba.

Zuwa can

Layin dogo da ya haɗa tashar Manchester Piccadilly da Sheffield ya bi ta cikin kwarin, amma ka lura, ba kowane jirgi ke tsayawa ba. Masu gudu wucewa suke yi. Naka shi ne na kamfanin Northern mai tsayawa a ƙananan tashoshi: Edale, Hope, Bamford, Hathersage, Grindleford. Kusan awa-awa yake zuwa. Castleton ba shi da tasha, mafi kusa ita ce Hope, kimanin kilomita uku. Daga nan ko ka jira bas, ko ka taka ta cikin ƙauyen Hope ka bi hanyar gona da ke gefen rafi, tafiyar minti arba'in zuwa hamsin a shimfiɗe. Wanda ke Sheffield ya fi kowa sauƙi, bas mai lamba 272 zai ɗauke shi daga cikin gari ya dire shi a tsakiyar Castleton cikin kamar awa ɗaya.

Akwai wata dabara da ni na fi so: ka sauka a Edale, ka tsallaka tsaunin da ƙafa, ka gangaro Castleton, da yamma ka koma ta Hope. Ta haka ba ka maimaita hanya ba, kuma ka gama hawan tun da ƙarfinka. Tikitin zuwa da dawowa na tashar da ta fi nisa daga garinku zai wadatar. Ɗalibi ya nemi katin rangwame na jirgin ƙasa, yana rage kashi ɗaya cikin uku.

Mai mota yana da babban wurin ajiyewa kusa da ofishin baƙi a cikin gari, da wani na National Trust a Mam Nick, gab da ƙwanƙolin Mam Tor. Duka na kuɗi ne. Kada ka ga wasu sun ajiye a gefen titi kan layi biyu ruwan ɗorawa ka bi sahu, takardar tara ce za ta iske ka a gida.

Hawan Mam Tor da bin doron tsauni

Wannan shi ne ƙashin bayan yinin. Mam Tor tsayinsa mita 517 ne daga matakin teku, kuma daga ƙauyen za ka hau abin da ya haura mita 300. Mai matsakaicin lafiya zai iya, yara 'yan shekara bakwai ko takwas ma suna yi. Daga Mam Tor wani doro ya miƙe gabas kimanin kilomita uku, ya bi ta Hollins Cross da Back Tor ya ƙare a Lose Hill mai mita 476. Kwarin Edale a hannu ɗaya, kwarin Hope a ɗaya hannun.

In daga Castleton ka fara, bi titin Hollowford da ya fita ta arewacin gari. Kwalta za ta ƙare, hanya ta zama ta dutse da taɓo, ta fara miƙewa sama. Nan ne wurin da numfashi ke ƙarewa, kada ka yi gaggawa, ka yi gajerun taku, ka tsaya ka waiwaya duk lokacin da ka so. Cikin kamar awa ɗaya za ka fito a Hollins Cross, wurin da doron ya fi ƙasa, inda hanyoyi da yawa suka haɗu. Ta nan ne a da mutanen Edale ke ɗauko gawarsu a kafaɗa su tsallaka zuwa maƙabartar cocin Hope, kafin su sami tasu, ta nan ne kuma mata da yaran Castleton ke bi kullum zuwa masaƙar auduga ta Edale, rani da hunturu. Wanda ya tuna haka ba zai yi ƙorafin jakar bayansa ba.

Daga Hollins Cross ka juya hagu. An shimfiɗa manyan fale-falen duwatsu a hanyar saboda yawan ƙafafu ya zaizaye ƙasar, don haka a kansu za ka taka, ba a gefensu ba. Gab da sama za ka ga ƙasa ta yi kunya-kunya tana zagaye tudun. Ragowar ganuwa ce ta mutanen da suka zauna a nan kusan shekara dubu uku da suka wuce. A ƙwanƙoli akwai ɗan ginshiƙi na masu awon ƙasa, wurin da kowa ke layin hoto. Ka duba gabas, ƙauyen yana ƙasa, bayansa ga bututun masana'antar siminti ta Hope yana hayaƙi. Wasu na jin haushinsa, suna cewa ya ɓata hoto. Ni ban ga laifinsa ba, shi ke tuna maka cewa kwarin wurin neman abinci ne ga masu shi, ba wurin shaƙatawarka kaɗai ba. Ranar da iska ta yi daidai za ka ga masu tashi da lema suna shawagi a kanka.

Abu guda: fuskar tsaunin ta gabas a tsage take, gangare ne tsaye. Kada ka matsa baki don hoto, kada ka bar yaro ya matsa.

Saukowa ta ɗaya ɓangaren matakala ce ta dutse zuwa Mam Nick, minti goma sha biyar. Daga nan ka bi hanyar da ta gangara ta ƙofar kogon Blue John, za ka iso abin da mutane da yawa suka fi tunawa a tafiyar, wato karyayyen titi. An gina shi a 1819, ya zama babbar hanyar mota tsakanin Sheffield da wajen Manchester. Sai dai an ɗora shi a kan ƙasar da ke zamewa. Tsaunin hawa-hawa ne na dutse mai tauri da wani mai laushi, ruwa na shiga tsakani, ɓangaren gabas na silalowa a hankali tun dubban shekaru. Aka yi ta faci ana ƙara kwalta, har a 1979 hukuma ta haƙura ta rufe shi. Yau za ka taka a kansa ka ga inda ya karye kamar an sare shi, kwalta bisa kwalta ta kai tsayin mutum a wasu wuraren, farin layin tsakiya yana nan. Bi shi har ƙasa, ka wuce tsohuwar mahaƙar darma ta Odin, titi zai mayar da kai gari. Zagayen duka kimanin kilomita tara zuwa goma ne, awa uku da rabi zuwa huɗu da hutawa.

Mai ƙarfi zai iya fara hawa ta Lose Hill ya bi doron gaba ɗaya, ya ƙara awa ɗaya da wani abu. Mai ciwon gwiwa ko mai tafe da tsofaffi ya ajiye mota a Mam Nick, ya hau matakala, ya ga abin da kowa ya gani, ya dawo.

Dabbobi a hanya

Tumaki ba ruwansu da kai. A Maris da Afrilu lokacin haihuwarsu ne, in ka ga ɗan rago shi kaɗai kada ka ɗauka, uwar na kusa. Shanu su ne abin lura. Kada sabon da ka yi da shanun gida ya ruɗe ka, waɗannan ba makiyayi tare da su, kuma saniya mai sabon maraƙi tana iya kai hari. Kada ka shiga tsakaninta da ɗanta, kada ka ruga, ka kewaye su nesa a natse, ko da hakan na nufin barin hanya kaɗan. Karnuka kuwa za ka haɗu da su da yawa, Turawa ba sa fita sai da su. In ba ka so ya taɓa ka, tsaya gefe ka gaya wa mai shi cikin ladabi, galibi nan take za su janye. A cikin dogayen ciyayi akwai kaska, wadda cizonta kan jawo cutar Lyme, don haka in ka koma gida ka duba jikinka, musamman bayan gwiwa da ƙugu. Akwai kuma wani ganye mai zartsi a gefen hanya da ke sa ƙaiƙayi da zafi in ya taɓa fata, ba ya illa, yakan lafa da kansa.

Koguna: ɗaya ya isa

Huɗu ne, kowanne da kuɗin shigarsa, kuma ba na ba ka shawarar ka ce sai ka gama su a yini ɗaya. Ciki akwai sanyi rani da damina, ka riƙe suwaitarka.

Peak Cavern yana cikin gari, a ƙarƙashin dutsen da fada ke kai, kuma bakinsa shi ne mafi girman bakin kogo na halitta a Birtaniya. Ɗaruruwan shekaru masu tufkar igiya suka yi zaune a cikin bakin, da gidajensu da iyalansu, suna yi wa mahaƙa igiya, kuma har yanzu ana nuna wa baƙi yadda ake tufkar. Shi ya fi dacewa da mai ƙananan yara. Speedwell Cavern yana gindin mashigin Winnats. Tsohuwar mahaƙar darma ce ta wajen shekarun 1770, za ka sauka matakala sama da ɗari, ka shiga kwale-kwale, a bi da kai ta wani matsattsen rami da ruwa ya cika, rufin na kusan taɓa hular kwanonka. Wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali ya bar wannan. Treak Cliff da Blue John Cavern su ne wuraren da ake haƙo dutsen Blue John, wani ma'adini mai zane-zanen shuɗi da shunayya da ruwan ɗorawa, wanda a wannan tudun aka san shi, ake yin zobba da 'yan kunne da kwanoni da shi. Blue John Cavern matakala 245 ce zuwa ƙasa, kuma ta nan za ka hawo, ka tambayi gwiwarka bayan saukowa daga Mam Tor. In ni ne, Treak Cliff zan zaɓa, don ya haɗa dutsen da kyawawan tsirarrun duwatsu masu reto daga rufi. Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ka kuma tabbatar a buɗe yake, domin ruwa mai yawa kan sa a rufe wasu.

Fada da Cave Dale

Kufan fadar Peveril yana kan dutse, a saman ƙauyen, kuma daga gare shi garin ya samo sunansa. William Peveril, na hannun daman Sarki William da ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta, tana cikin kundin ƙidayar 1086, sannan Sarki Henry na Biyu ya gina hasumiyar da ke tsaye har yau a 1176. Ƙungiyar English Heritage ke kula da ita, ana biya, hanyar hawa gajeriya ce amma a tsaye. Gaskiya abin gani a ciki ba yawa, darajarta a hangen da take bayarwa ne.

In kuɗi ko ƙarfi ya yi ƙasa, ka bar fadar ka shiga Cave Dale, kyauta ne. Mashigarsa na bayan dandalin kasuwa, wata 'yar tsaga tsakanin gidaje biyu da za ka iya wucewa ba ka lura ba. Da ka shige sai kwari ya buɗe, duwatsu a tsaye hagu da dama, fada na leƙowa daga sama. Tafiyar minti ashirin ciki ka juyo ta ishe ka. Can sama ruwa na bi ta kan duwatsun hanyar, nan ne aka fi zamewa, musamman a gangarowa.

Salla da abinci

Masallatai suna Sheffield da Manchester, don haka a nan kai ne limamin kanka. Akwai banɗakin jama'a kusa da babban wurin ajiye motoci, ka yi alwala a nan kafin ka hau, don a kan tsauni babu banɗaki ko ɗaya. Ka riƙe 'yar gorar ruwa daban, da dardumar leda marar nauyi, ciyawar kullum a jiƙe take. Alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas, manhajar waya za ta daidaita maka. Ka koma gefe inda ba ka tare hanya ba, ba wanda zai ce maka uffan. Musulmi masu hawan dutse ba baƙon abu ba ne a nan yanzu, ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa takan kawo jama'a da yawa Mam Tor, kuma wanda ke jin nauyin fita shi kaɗai zai iya fara bin irin wannan ayari.

Abinci kuwa mafi kwanciyar hankali shi ne ka taho da naka. A gari akwai wuraren shan shayi da ke sayar da miya da burodi, dankalin Turawa gasasshe da cuku ko wake, da kek. In kifi da soyayyen dankali ka yi sha'awa, ka yi tambaya biyu: da wane mai ake suya, kuma ko an kwaɓa fulawar kifin da giya, domin wasu suna yi. Shagunan ƙauye da wuri suke rufewa, da yawa kafin ƙarfe biyar, kada ka bar cin abinci sai ka sauko da magariba.

A kan hanya duk wanda kuka haɗu zai gaishe ka, ko da kuwa a birni ba zai ɗaga kai ba. Ka amsa. In ka rikice da hanya ma ka tambaya, masu yawon nan suna jin daɗin nuna hanya.

In wani abu ya faru

Kafin ka fita ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. In an ji rauni ko an ɓata, kira 999, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce kana buƙatar masu ceto na tsauni. 'Yan sa-kai ne, rundunar Edale ce ke da wannan yanki, ba sa karɓar ko kwabo. Za su tambaye ka inda kake, manhajar taswirarka za ta ba ka lambar wurin. Ka sa wa mai raunin duk tufar da ke akwai, ka shimfiɗa masa jaka kada ya kwanta a ƙasa kai tsaye, domin sanyi ya fi karaya saurin illa. Tun daga gida kuma ka tura kalmar "register" zuwa 999 ta saƙon tes ka bi umarnin da za a aiko, ta yadda in sabis ya yi rauni saƙo zai iya fita.

Wanda zai kwana

Akwai masaukin matafiya mai rahusa na YHA a Losehill Hall, bakin gari, da wani a Edale, ban da gidajen da ke ba da ɗaki da karin kumallo. Kwana ɗaya zai buɗe maka sauran kwarin. Daga Edale doguwar hanyar Pennine Way ta tashi, wadda aka buɗe a 1965, mil 268 har kan iyakar Scotland, kuma yankinta na farko shi ne hawan Kinder Scout ta matakalar Jacob's Ladder. Wannan ba irin Mam Tor ba ne, sama fili ne na taɓo da ramuka inda hazo ke ɓatar da ƙwararru, sai a rana mai haske ko tare da wanda ya san wurin. Masu son keke su nufi madatsun ruwa na Ladybower da Derwent, ana ba da hayar keke a Fairholmes, hanyar na bin bakin ruwa cikin itatuwa. Ƙauyuka biyu, Derwent da Ashopton, suna ƙarƙashin wannan ruwa tun shekarun 1940, kuma a shekarar fari sosai harsashin gine-ginen Derwent kan bayyana.

Sai Eyam, 'yan mil kaɗan kudu maso gabas. A 1665 annoba ta shigo ƙauyen a cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan. Mutanen, bisa jagorancin limamin cocinsu William Mompesson, suka amince ba mai fita ba mai shiga, don kada cutar ta kai garuruwan maƙwabta. Kimanin mutum 260 suka mutu. Wanda ya san hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka zai ji labarin ya zo masa kusa. Dutsen iyakar da suke ajiye kuɗi a cikin ramukan ruwan tsami, maƙwabta su ajiye musu abinci, yana nan a bayan gari, tafiyar minti goma sha biyar daga dandali. Bas zuwa Eyam ba shi da yawa, Lahadi ma ya fi ƙaranci, don haka ka rubuta lokacin na ƙarshe, da na jirgin ƙarshe daga Hope ko Grindleford, tun kafin ka bar masauki.